Fassara da Ɗaukar Murya a Holanci, Filemish da Afirkans: Tambayoyi da Amsoshi

Mutanenmu da ke hulɗa da Holan, Beljiyam da Afirka ta Kudu suna da yawa: dillalan motoci da ke sayayya a unguwar Heyvaert ta Brussels su yi lodi a tashar Antwerp zuwa Kwatano, masu fitar da riɗi da citta da zoɓo ta Rotterdam, ɗalibai a Wageningen da Leuven da Stellenbosch, da iyalai masu neman bin nasu. Ko ba jima ko ba daɗe, kowannensu zai buƙaci a fassara masa takarda, ko a samo masa tafinta, ko a ɗora murya a kan bidiyonsa. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Holanci, Filemish da Afirkans harsuna uku ne ko ɗaya?

A rubuce biyu ne, a kunne uku ne. Holan da arewacin Beljiyam, wato yankin Filandas, harshe ɗaya suke rubutawa, kuma su duka suna kiransa *Nederlands*. A 1980 ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniyar kafa hukumar harshe ta haɗin gwiwa, Nederlandse Taalunie, wadda ke kula da ƙa'idojin rubutu, daga baya Suriname ta Kudancin Amurka ta shiga. Masu wannan harshe a matsayin harshen uwa sun kai kimanin miliyan 24, sama da miliyan 6 daga cikinsu a Beljiyam. Filemish ba harshen hukuma ba ne mai zaman kansa; tsarin mulkin Beljiyam ya san Holanci, Faransanci da Jamusanci ne kawai. Idan aka ce Filemish, ana nufin Holanci yadda bakin mutanen Antwerp, Ghent da Bruges yake juya shi.

Afirkans kuwa ya ɓalle. Daga Holanci ya fito, amma yana da nahawunsa, ƙamusunsa da ƙa'idar rubutunsa, kuma tun 1925 yake harshen hukuma a Afirka ta Kudu.

To in rubutun ɗaya ne, me ya sa ake tambayata ko Holan nake nufi ko Beljiyam?

Saboda mai karatu yana gane baƙon rubutu tun daga layin farko. Abin ya yi kama da Hausar Najeriya da ta Nijar: Bakano da Bamaraɗe suna fahimtar juna sarai, amma ɗaya ya ari kalmomin ofis daga Ingilishi, ɗaya daga Faransanci, kuma sanarwar da aka rubuta da bakin ɗaya ba ta zama daidai a kunnen ɗayan. Mutanen Filandas ma sun daɗe suna zaune da Faransanci, ya bar musu kalmomi da yawa.

Wasu bambance-bambancen na iya jawo ɓarna. *Lopen* a Holan tafiya ce a ƙafa, a Filandas gudu ne. Ka tuna da wannan in kana fassara shawarar likita ga mai ciwon zuciya. *Schoon* a Holan tsabta ce, a bakin mutanen Filandas kyau ne. Sannan ga sunayen ofisoshi da muƙamai: kansilan da ke riƙe da wani sashe a ƙaramar hukuma *wethouder* ne a Holan, *schepen* a Beljiyam. Dokokin haraji, fansho, inshorar lafiya da matakan makaranta duk daban suke, don haka kalmominsu ma daban. Hatta sunan mutum: a Holan ana rubuta *van* da ƙaramin harafi bayan sunan yanka, a jera sunan a ƙarƙashin kalmar da ke biye; a Beljiyam ana barinsa yadda yake a rajista, sau da yawa da babban harafi, a jera shi a ƙarƙashin V.

Takardar bayanin inji ko rahoton kimiyya, fassara ɗaya na iya isar ƙasashen biyu. Talla, kwangila, shafin sayar da kaya da duk abin da ya shafi doka, a ba ɗan ƙasar da za a karanta shi.

A wajen murya fa?

Nan ne ba a sassauci. Holancin arewa yana furta harafin g daga can cikin maƙogwaro da ƙarfi, na Filandas da kudancin Holan yana sassauta shi. Wasulan arewa suna miƙewa su lanƙwashe, na Filandas sun fi tsayawa cak. Daƙiƙa biyu sun isa mai sauraro ya san daga ina mai magana ya fito. Shi ya sa manyan kamfanoni ke ɗaukar talla ɗaya sau biyu, da murya biyu, kuma manyan fina-finan zane na yara sukan fito da sigar Holan daban, ta Filandas daban. Gidajen talabijin na ƙasashen biyu ma kan sa rubutu a ƙasan allo idan suna nuna wasan kwaikwayon junansu.

A cikin Filandas kanta akwai matakai. Akwai tsayayyen harshe irin na masu karanta labarai a VRT, gidan rediyo da talabijin na gwamnatin Filandas, akwai karin kowane yanki, sannan akwai wanda ke tsakiya da suke kira *tussentaal*, wanda ake ji a shago da wasan talabijin, mai amfani da *ge* da *gij* a inda ɗan Holan zai ce *je* da *jij*. Banki ko asibiti, tsayayyen harshe ya dace da su. Tallar abin sha ga matasa na iya sauka mataki ɗaya. Ka faɗa wa mai muryar matakin da kake so kafin ya shiga situdiyo, ba bayan ya fito ba.

Mai fassarar Holanci zai iya yi mini aikin Afirkans, tunda asalinsu ɗaya?

A'a, kuma duk wanda ya ce maka zai iya, ka nemi shaidar cewa ya zauna da harshen. Gaskiya ne ɗan Holan yana tsintar ma'anar jaridar Afirkans, domin mafi yawan kalmomin daga Holanci suke. Amma tsintar ma'ana daban, rubutawa daban.

Tun da Jan van Riebeeck ya kafa zango a Cape, a kudancin Afirka, a 1652 don jiragen kamfanin Holan na cinikin Gabas, harshen ya shiga bakin mutane iri-iri: 'yan asalin wurin na Khoekhoe, bayin da aka kawo daga tsibiran Indonesiya, Indiya, Madagaska da gabashin Afirka, da baƙi daga Jamus da Faransa. Abin da ya fito daga wannan cuɗanya ya sauƙaƙa nahawu ƙwarai. Aikatau ba ya sauya siga bisa mai aikatawa. Holanci na raba sunaye gida biyu, na *de* da na *het*. Afirkans *die* kawai ya sani. Korewa kuma sau biyu ake yinta, *nie* a tsakiyar jimla, wani *nie* a ƙarshe. Kalmar "da yawa", *baie*, daga harshen Malay ta zo. Ga kuma tarkuna: *amper* a Holanci "da ƙyar" ce, a Afirkans "saura kaɗan". Wanda ya tsira da ƙyar da wanda saura kaɗan ya tsira, a rahoton haɗari ba abu ɗaya ba ne.

Afirkans ba harshen Turawan mulkin wariya ba ne? Wa zai saurari tallata da shi?

Wannan tambayar tana da tushe. A ranar 16 ga Yuni 1976 ɗaliban Soweto suka fito zanga-zanga saboda an tilasta koyar da su wasu darussa da Afirkans, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Wannan tabo yana nan, kuma mai talla da bai san da shi ba zai yi kuskure.

Amma labarin bai tsaya nan ba. Mafi yawan masu jin Afirkans a gida ba fararen fata ba ne. Al'ummar da a can ake kira *Coloured* ta fi su yawa a cikinsa. Ƙidayar 2022 ta nuna kashi 10.6 cikin ɗari na 'yan ƙasar da shi suke magana a gida, shi ne na uku bayan Zulu da Xhosa, kuma shi ne kan gaba a lardunan Western Cape da Northern Cape. A Namibiya, inda Ingilishi kaɗai ne harshen hukuma tun 1990, har yanzu da shi ake ciniki a Windhoek da kudancin ƙasar.

Abin da ya fi taɓa ni a tarihinsa shi ne wannan: wasu daga cikin rubuce-rubucen Afirkans na farko da ajami aka yi su. Musulmin Cape suna karantar da yaransu tauhidi da fiƙihu da Afirkans a cikin baƙaƙen Larabci tun ƙarni na 19. Malam Abubakar Effendi, wanda Daular Usmaniyya ta tura Cape, ya rubuta littafinsa Bayanud Din da Larabci da Afirkans na ajami, aka buga shi a Santambul a 1877, shekaru da dama kafin a fassara Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya zuwa harshen a 1933. Duk Bahaushen da ya taɓa riƙe waƙar ajami ya san darajar wannan.

A aikace, ka tantance wa kake kira. Muryar gidan rediyon RSG ko tashar talabijin ta kykNET, masu watsa shirye-shirye da Afirkans, ta dace da sanarwar da ake so kowa ya ji. In kana neman mazauna unguwannin Cape Flats, karin da ake kira Kaaps ne harshen zuciyarsu, kuma sai ɗan wurin zai yi shi ba tare da ya zama kwaikwayo ba.

Ai mutanen nan duk suna jin Turanci. Me zai sa in kashe kuɗi?

Suna ji ƙwarai, kuma ciniki tsakaninka da kamfani a Rotterdam ko Johannesburg zai tafi da Ingilishi lafiya lau. Inda Turanci ke ƙarewa shi ne inda doka ko talaka ya shigo. Kayan abinci da za a ɗora a kan kanta a Tarayyar Turai, dokar 2011 ta wajabta a rubuta bayaninsu da harshen da mai saye ke fahimta, a kuma fito da abubuwa 14 masu tayar wa wasu mutane rashin lafiya. Gyaɗa da riɗi suna cikinsu, wato kayanmu. A Beljiyam harshen yankin da ake sayar da kayan ake bi, shi ya sa kake ganin kwali ɗaya da Holanci da Faransanci. A Filandas kuma tun 1973 akwai dokar da ta ɗora wa kamfanonin yankin yin hulɗa da ma'aikatansu da Holanci. An ɗan sassauta ta bayan hukuncin Kotun Tarayyar Turai na 2013, amma tushenta yana nan. Kotu, ƙaramar hukuma da wasiƙun haraji, duk da harshen wurin suke zuwa.

Mene ne rantsattsen mai fassara, kuma yaushe nake buƙatarsa?

Mutum ne da ya yi rantsuwa a gaban hukuma, aka sa sunansa a rajista, ta yadda fassararsa ke zama hujja. A Holan dokar da ta tsara wannan ta fara aiki a 2009, rajistar kuma Rbtv ake kiranta. A Beljiyam ma'aikatar shari'a ke riƙe da rajistar ƙasa, kowane mai fassara da lambarsa ta VTI. A Afirka ta Kudu Babbar Kotu ke rantsar da su, kuma akwai ƙungiyar masu fassara ta SATI da aka kafa a 1956.

In ka karɓi irin wannan aiki daga Holan, ga abin da za ka gani: fassarar a haɗe da kwafin asalin takardar yadda ba za a raba su ba, a shafin ƙarshe ga bayanin mai fassara cewa wannan fassara ce ta gaskiya, ga sa hannunsa, ga hatimi mai ɗauke da sunansa da lambarsa. Har tambarin da ke kan takardarka ta asali zai ambata, inda rubutu ya goge kuma ya rubuta cewa ba ya karantuwa. Takardar haihuwa, ta aure, ta saki, ta mutuwa, hukuncin kotu da shaidar rashin laifi, su ne aka fi nema a haka. Rantsuwar ta harsuna biyu ce takamaimai, don haka wanda aka rantsar a kan Faransanci zuwa Holanci ba zai sa hatimi a kan Ingilishi ba.

Takarduna daga Najeriya suke, da Ingilishi. Sai na fassara su?

Tambayi ofishin da zai karɓa tukuna, a rubuce. Hukumomin Holan galibi suna karɓar takardun Ingilishi, Faransanci da Jamusanci ba tare da fassara ba, wanda ya sauƙaƙa wa 'yan Najeriya, Gana da Nijar. A Beljiyam abin ya danganta da ƙaramar hukumar: takardar Faransanci daga Yamai za ta wuce a Brussels, amma a Antwerp ana iya cewa a kawo ta da Holanci.

Fassara kuma ba ita ce tantancewa ba. Holan, Beljiyam, Afirka ta Kudu da Namibiya suna cikin yarjejeniyar Hague ta 1961, wadda hatimi ɗaya mai suna apostille ke wadatarwa a tsakaninsu. Najeriya ba ta ciki, don haka takardar kan bi ta Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za a kai ta. A gama wannan kafin a fassara, domin tamburan da aka buga su ma suna shiga fassarar. Shaidar karatu kuma tana da nata masu aunawa: Nuffic a Holan, NARIC-Vlaanderen a Filandas, SAQA a Afirka ta Kudu.

Sunana a fasfo Mohammed, a takardar haihuwa Muhammadu. Mai fassara zai daidaita mini?

Ba zai yi ba, kuma kada ka roƙe shi. Aikinsa ya kwafe abin da ya gani harafi da harafi. Wannan matsala ta addabi mutanenmu: Mahamadou a takardar Nijar, Muhammad a shaidar jami'a, sunan gari a wata takardar, sunan uba a wata. Ma'aikacin ƙaramar hukuma a Utrecht bai san duk mutum ɗaya ba ne, kuma ba laifinsa ba ne. A gyara tun daga gida, ta takardar rantsuwa a kotu ko a ofishin da ya ba da takardar, sannan a fassara duka tare.

Ana samun mai fassara daga Hausa kai tsaye zuwa Holanci ko Afirkans?

Da wuya ƙwarai. Abin da aka saba shi ne a bi ta Ingilishi ko Faransanci, mutum biyu su yi aikin. Duk inda aka yi gada irin wannan, wani abu kan zube. "Ɗan'uwana" ya zama ɗan uwa ɗaya uba ɗaya alhali ɗan baffa ake nufi. "Ciwon daji" ko "shawara" su tafi da ma'anar da ba ita ba ce. A takardar ciniki ana iya kamo kuskuren daga baya. A hirar neman mafaka a gaban hukumar IND ta Holan ko CGVS ta Beljiyam, saɓani kaɗan tsakanin maganar farko da ta biyu na iya sa a ƙi yarda da mutum.

Don haka ina roƙon duk wanda zai zauna irin wannan zama: ka nemi tafintan harshen da ka fi iya bayyana kanka da shi, ba wanda kake jin kunyar cewa ba ka ƙware a kansa ba. In ba ka fahimtar tafintan, faɗa nan take a rubuta. Kada kuma a sa yaro ya yi wa mahaifiyarsa tafinta a gaban likita. Akwai abin da ba za ta faɗa a gabansa ba, akwai abin da bai kamata ya ɗauka ba.

Manhajar fassara ta waya ba ta isa ba?

Ta isa ka gane abin da wasiƙa ta ƙunsa kafin ka nemi taimako. Tsakanin Holanci da Ingilishi tana ƙoƙari sosai. Da Hausa ta shigo sai ƙarfinta ya ragu. Ba ta sa hatimi, ba ta ɗaukar alhaki, kuma bai dace ka zuba mata takardun asibiti ko na shari'a ba tare da sanin inda suke tafiya ba.

Lambobi ma sai an kula. A Holan da Beljiyam 1.250,50 na nufin dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin da rabi: ɗigo na raba dubbai, waƙafi na raba ƙananan kuɗi. A baki kuma, in za a ce 21, ana fara faɗin ɗaya kafin ashirin, a Holanci da Afirkans duka. In aka ce maka ka zo *half drie*, kalmar "uku" za ka ji, amma ƙarfe biyu da rabi ake nufi. Wanda ya iso uku da rabi ya makara da awa guda, layinsa ya wuce.

Muryar na'ura tana da amfani a gwaji ko darasin cikin gida da ake yawan sauyawa. Ka tabbata dai ka zaɓi ta ƙasar da ta dace, nl-NL ta Holan, nl-BE ta Beljiyam ko af-ZA ta Afirkans, kuma ɗan harshen ya saurara, musamman sunayen mutane da garuruwa.

Bidiyo gare ni. In ɗora murya ko in sa rubutu a ƙasa?

A Holan da Filandas manya sun saba da rubutun ƙasan allo tun suna yara. Ɗora murya a kan bakin ɗan wasa galibi na shirye-shiryen yara ne. Shirin gaskiya, hira ko fim, rubutu ya fi araha kuma ya fi karɓuwa. Layi biyu ne, kowanne harafi arba'in da 'yan kai, don haka dole a taƙaita magana. Talla, bidiyon koyar da aiki da saƙon amsa waya su ne ke son murya. Holanci yana haɗa kalmomi su yi tsawo, kuma fassararsa kan fi Ingilishi tsawo, don haka rubutun da ya cika daƙiƙa 30 cif da Turanci sai an rage shi. A rage a kan takarda. Kada a sa mai murya ya yi ta sauri.

Yaya ake lissafin kuɗin?

Fassara da yawan kalmomi, takardun hukuma da shafi, tafinta da awa ko yini har da kuɗin tafiya. Murya kuwa kashi biyu ce: ladan ɗauka, da ladan amfani. Na biyun ya danganta da inda za a sa ta, rediyo ko intanet ko cikin kamfani, a wace ƙasa, kuma har tsawon wane lokaci. Muryar da ka saya don Filandas na shekara ɗaya ba taka ba ce har abada. A rubuta wannan a yarjejeniya, tare da sau nawa za a gyara kyauta. Masu murya da yawa yanzu suna sa sharaɗin kada a yi amfani da muryarsu wajen horar da na'ura, kuma haƙƙinsu ne.

Ta yaya zan gane na ƙwarai, tunda ba na jin harshen?

Daga tambayoyinsa. Na ƙwarai zai tambaye ka wace ƙasa, su wa za su karanta, da *u* na girmamawa za a yi musu magana ko da *je* na sabo. Wanda ya faɗi farashi bai ga takardar ba, ka yi hattara da shi. Tambayi ko wani mutum na biyu zai duba aikin, domin abin da ma'aunin ingancin fassara na duniya, ISO 17100 na 2015, ya shimfiɗa ke nan. In rantsattse ne, karɓi lambarsa ka duba a rajistar ƙasarsa a intanet. In mai murya ne, nemi ya karanta layi uku daga rubutunka, ka tura wa wani ɗan wurin da ka amince da shi ya saurara.

Kai ma da naka aikin. Tura takarda cikakkiya mai karantuwa, gaba da baya, ba hoton da aka ɗauka a karkace da yatsa a gefe ba. Haɗa da kwafin shafin fasfo don rubutun suna. In akwai sunayen Hausa a rubutun da za a karanta, ɗauki muryarka a waya kana furta su a hankali, Ƙanƙara, Ɗanbatta, Birnin Ƙonni, ka aika wa mai muryar kafin ranar ɗauka.